Kujera Marar Ƙafa a Cikin Jirgi

Mun tashi da asuba, ana sallame salla, mu uku: ni da maiɗakina da wata kujera. Na sa kujerar a lissafi ne domin direban motar Kirikasamma ma haka ya ɗauke ta. Ya zagaye ta a tasha, ya ƙwanƙwasa bayanta, ya ce wannan ai fasinja ce, har ta fi wasu fasinjojin cika ido. Ban yi gardama ba. Ni na yi ta da hannuna, na san nauyinta.

Ga waɗanda ba su san ni ba, kafinta ne ni a nan Haɗejiya, tun ina saurayi har furfura ta cinye kai. Ƙofa, gado, bencin makaranta, babu wanda ban buga ba. Jirgin ruwa ne kawai ban taɓa sa wa ƙusa ba, kuma gaskiya shigarsa ma ban cika yi ba. Iyayena masu shanu ne kafin su zauna gari. Mu a wurinmu ruwa na shayar da dabba ne, ba na hawa ba. Maiɗakina kuwa 'yar ruwa ce. An haife ta a wani ɗan ƙauye can cikin fadama bayan Kirikasamma, irin garuruwan nan da kan koma tsibiri da zarar kogi ya cika.

Idonta ne dalilin tafiyar. Hawan jinin ido, in ji likita. Ya ce ganin da ya tafi ya tafi, maganin ɗigawa sai dai ya rage wa sauran gudu. Yanzu gefe da gefe duhu ne, tsakiyar ma kamar ana kallo ta cikin hayaƙi, kuma hayaƙin ƙaruwa yake yi. Ba ta taɓa ƙorafi ba. Rannan da yamma tana tsince shinkafa da lalube, sai ta ce, ko ɗagowa ba ta yi ba, "Malam, ina so in ga bado."

Na ce ai ga shi can a kududdufin bayan gari. Ta ce a'a, na tafkinsu take nufi, wanda yake bayan gidan mahaifinta, inda furen kan rufe ruwa fari fat da safe har mace ta rasa inda za ta tsoma ƙwarya. Ta ce ranar da aka kawo ta gidana, ta cikin tafkin nan jirgin amarya ya bi, amma tana cikin lulluɓi tana kuka, ba ta ga komai ba sai yatsun ƙafarta da katakon jirgi. Tun daga ranar ba ta sake ganin garinsu a cikin ruwa ba.

Maganar ta same ni. Duk shekara ina kai ta gida, ban taɓa fashi ba, amma da rani, lokacin da mota ke shiga har ƙofar gida, tafkin kuma ya ƙafe. In ta ce da damina ya fi kyau, sai in ce bari ruwa ya janye. Ban san garin nata gari biyu ne ba, na rani da na ruwa, kuma na ruwan take kewa. Wannan karon ban ce a jira ba, don ban san ko idon zai jira ba.

Tana da ciwon ƙugu, ba ta iya daɗewa kan benci. Shi ya sa na ce bari in nuna gwaninta. Na zaɓo maɗaci mai kyau, na yi mata kujera mai majingina da hannuwa biyu, na sa katifar soso. Ƙafafun kuwa na yi su dogaye, na fere su da ado, wai don ta zauna sama ta hango nesa. Maƙwabta suka ce ko hakimi sai haka. Kaina ya kumbura.

Hanyar Kirikasamma a ƙarshen damina abin kallo ce. Hagu da dama shinkafa ce kore shar, ruwa na ƙyalli a ƙarƙashinta, balbelu sun jeru kan kunya kamar ɗalibai da fararen kaya. Kwaltar kuwa ta sha ruwa, ramuka ta ko'ina, direba na zagaye su kamar mai ɗinkin hula. Motocin busasshen kifi suna ta wuce mu sun nufi kasuwar garinmu, ƙamshinsu na riga su isowa. Hirar cikin mota duk a kan tsadar kuɗin mota ce. Wata dattijuwa ta ce yanzu zumunci ma sai mai hali, kowa ya ce wallahi kuwa. Ni dai ina ba maiɗakina labarin abin da muke wucewa, tana gyaɗa kai.

A Kirikasamma muka karya da koko da ƙosai mai zafi, na ɗiga mata maganin safe a gindin wata bishiya. Daga nan muka shiga a-kori-kura. An ba ta gaba, ni kuma ina baya na rungume kujera tsakanin buhunan gishiri da wani rago da ya ƙudura sai ya ɗanɗana katifar. Haka muka yi ta tsalle a jar hanya, har muka zo inda hanyar ta sunkuya ta shige ruwa ba ta ƙara fitowa ba. Nan ne mashigi. 'Yar kasuwa ta tashi a wurin, ga mai shayi, ga mata masu soya ƙananan kifi da garin ƙuli, ga jirage sun jeru da goshinsu a kan taɓo. Na ga ana kwantar da babur a cikin jirgi ana tallabe shi kamar mara lafiya.

Ƙanin maiɗakina yana jiranmu. Masunci ne, shi ma yanzu gemunsa ya yi fari, amma ni har gobe yaron nan nake gani da ya riƙe filafili ranar da aka kawo amarya. Wasan da ke tsakanin mijin yaya da ƙanin mata bai taɓa tsufa a wurinmu ba. Ya durƙusa ya gaida yayarsa, sannan idonsa ya faɗa kan kujera.

Ya ce, "Mijin Yaya, sarauta aka ba ka ba mu ji ba?"

Na ce, "Ta Yayarka ce. Na san halinku, da sai ku zaunar min da ita kan buhun kifi."

"A jirgina? Da waɗannan ƙafafun na raƙumi?"

Na ce ya bar wa masu sana'a sana'arsu. Ya ce to madalla, bismilla, mai sana'a ya fara ɗanawa. Aka ɗora kujera a tsakiyar jirgi, na tattara babbar riga na hau na zauna, na ɗora hannuwa kamar mai jiran gaisuwa. Jirgi ya karkata hagu. Na gyara, ya karkata dama. Abin da na sani bayan nan shi ne ina tsaye cikin ruwa iya ƙugu, kujera na kwance a gefena, hulata kuma ta kama hanyar ƙauye ita kaɗai. Mai shayi yana ta "Sannu Baba, sannu," yana cije leɓe. Ƙanin nata ya miƙa gwangwala, wato doguwar sandar da yake tura jirgi da ita, ya kamo hular ya miƙo min tana ɗiga.

Maiɗakina ba ta ga faɗuwar ba, amma ta ji ta. Ta ce a kawo mata kujerar. Ta shafa majingina, ta bi ƙafafun da yatsa har ƙasa, ta tsaya a kan adon da na fere. Ta ce, "Ƙafafun sun yi kyau, Malam. Sai dai a jirgi kowa ƙasa yake zama, ko hakimi ne."

Kafinta ba ya tafiya ba zarto. Na fito da shi daga jaka, na kwantar da kujerar a kan taɓo, na bi ƙafafun ɗaya bayan ɗaya. Maɗaci ba ya yankuwa da sauri, hannuna kuma ba na da ba ne. Ina yanka ina ganin ƙanin nata yana ɗaga kai yana duban rana. Ashe furen bado da safe yake buɗe, in hantsi ya yi zafi sai ya tsuke. Gwanintata ta cinye mana safiya.

Bari in faɗi yadda cikin jirgin yake, don na dube shi da idon mai sana'a, kuma na sara wa wanda ya buga shi. Gindinsa shimfiɗaɗɗe ne, falankai a jere, an ɗaure su da haƙarƙarin katako daga ciki. Duk inda falanki ya haɗu da ɗan'uwansa an cusa tsumma an bi da kwalta. Inda ya taɓa fashewa an yi masa faci da gwangwanin man gyaɗa, an jera ƙusoshi kusa-kusa kamar ɗinkin tela. Babu abu ɗaya na ado, kuma babu abin da ya ɗara gwiwa tsawo. A ƙarƙashin goshin jirgin akwai ɗan lungu da ya rufe da katako, nan ne ɗakinsa: buta, dadduma a naɗe cikin leda, 'yar rediyo, ƙugiyoyi a soke jikin ɓawon goruba, da kaskon wuta da aka cika rabinsa da yashi don kada garwashi ya taɓa katako. An shimfiɗa ɗanyar ciyawa a ƙasa saboda danshi. Ko'ina ƙarnin kifi da warin kwalta, amma tsaf yake, komai da mazauninsa.

Kujerar da ta rasa ƙafa ta zauna daram tsakanin haƙarƙari biyu, kamar don wurin aka yi ta. Muka riƙe maiɗakina ta shiga. Abin mamaki, matar da a gida sai ta dafa bango, ƙafarta na taɓa jirgi ta san inda za ta taka. Ta zauna, bakin jirgi ya zo mata daidai gwiwar hannu. Ni kuma aka ba ni wuri a bayanta, inda ruwan da ke tsattsafowa yake taruwa, aka damƙa min rabin jarka. Ƙanin nata ya ce wannan kujerar ta manyan baƙi ce, duk wanda ya zauna a nan shi ke kwarfe ruwa.

Muka ɗaga. Ban taɓa sanin tafiya za ta yi shiru haka ba. Babu inji, ya ce ciyawa na naɗe farfela, gwangwala ta fi masa. Sai ƙarar ruwa a jikin katako da ɗigar sanda in ya zaro ta. Muka ratsa gonakin da ruwa ya shanye, kawunan dawa na leƙowa kamar masu neman taimako. Goruba tsaye cikin ruwa iya wuya. Can wani masunci ya kifa ciki kan ƙaton gora yana iyo da shi yana duba komarsa, ya ɗaga mana hannu. Jiragen da muke haɗuwa da su kowa sai ya yi sallama, a tambayi ruwa kafin a tambayi iyali. Wani jirgi cike da 'yan mata masu tallar nono, ƙoren a jere a tsakiya, su a gefe da gefe, ba mai motsi. Wani kuma ɗauke da buhunan masara da aka ceto daga gona.

Maiɗakina ta saki hannunta cikin ruwa, yana jan layi. Ta fara kiran abubuwa tun kafin mu faɗa mata. Ta ji kukan wasu agwagin ruwa ta ce kirinjijiya ce. Inuwa ta faɗo mana ta ce wannan giyayyar nan ce da suke ɗaure jirgi in sun zo itace. Ƙanin ya ce ita ce, Yaya. Muryarta ta sauya, ta koma irin ta garinsu, har wasu kalmomin ban san tana da su ba. Sai tambaya take, "Mun kusa tafki?" Shi kuma sai ya ce saura kaɗan, ya kawo wata hira. Tun ban lura ba har na lura.

Daga nan muka shiga kacala. Wata doguwar ciyawa ce mai kai kamar na gero, ta fi mutum tsawo nesa ba kusa ba, ta tsaya cikin ruwa ƙam kamar katanga. Mutanen ƙauyukan ne suke yin gayya su sare 'yar hanya a cikinta, faɗin jirgi ɗaya. In jirage biyu suka haɗu, marar kaya ne yake cusa goshi cikin ciyawa ya ba mai kaya hanya, ba a duba waye babba. A ciki babu iska, sai zafi da sauro da hayaniyar jan-baki, tsuntsayen nan masu cinye shinkafa, waɗanda suka mai da wurin gidansu. Ina ta kwarfe ruwa, gumi na ƙara min aiki.

Da rana ta take tsaka ya kafa gwangwala, jirgi ya tsaya. Ta ce, "Me ya faru?" Ya ce, "Nan ne, Yaya."

Na duba. Gaba kacala, baya kacala. Ta juya kanta a hankali daga wannan gefe zuwa wancan, yadda take yi in tana neman abu da ɗan ganin da ya rage. Ƙanin ya yi sauri ya ce ai rana ta yi, furen ya rufe. Ta ce, "Fure yana rufewa, ganye ba ya ɓuya. Kacala ta cinye shi, ko?" Ya ce ta cinye, an daɗe. Ya kasa faɗa mata ne a waya. Ta zaro hannunta daga ruwa, ta goge da gefen zane, ta ce, "Allah Sarki. To mu ƙarasa, kada tuwo ya huce." Ni da na san ta, na san wannan muryar. Da ta yi kuka da ya fi min sauƙi.

Ƙauyen ya karɓe mu hannu bibbiyu. Gidajen sun matsu a kan tudu, an jera buhunan yashi a bakin ruwa, awaki da kaji da mutane duk wuri ɗaya. Gwaggo ta zo, Gwaggo ta zo, mata suka cika gida. An yi mana tuwon sabuwar shinkafa da miyar ɗanyar tarwaɗa, irin wadda a gari sai ka yi shawara da aljihu kafin ka taya, a nan kuwa ana ta ƙaro min kai da wutsiya. Maiɗakina tana amsa gaisuwa, tana gane mutane da murya, tana dariya inda ya kamata. Amma loma kaɗan ta ci.

Bayan azahar ƙanin ya ja ni gefe. Ya ce akwai wani ɗan gurbi can tsakiyar tsohon tafkin, inda ya fi zurfi, kacala ba ta iya tsayawa. Masu hawa gora sun ce har yanzu akwai bado a wurin. Amma babu hanyar jirgi, sai an sara. Na ce ina lauje? Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Kai da ka nutse a ruwa iya ƙugu?" Na ce ko a ƙugun ne ai na shiga.

Mu biyu muka fara, amma ba mu daɗe mu biyu ba. Labari ya zaga cewa Gwaggo bado ta zo gani, kuma idonta na tafiya. Sai ga jirage suna ɓullowa, magidanta da laujuna da adduna, wasu ko sunanta ba su sani ba, sun dai san gidan da ta fito. Suka faɗa ruwa iya ƙirji. Kacala sai an yanke ta a ƙarƙashin ruwa, in ba haka ba kwana kaɗan ta tofo. Su suna yanka, ni ina cikin jirgi ina janye abin da aka yanke ina turawa gefe. Ganyen ya tsattsaga min tafi. Masu fitowa hutu suna ɓamɓare matsattsaku daga ƙwauri suna ci gaba da hira, kamar ƙaiƙayi suke karkaɗewa. Ana yi ana tsokanata, wai a riƙe Bafillace kada iska ta ɗauke shi. Har aka kira magariba ba mu ga gurbin ba, sai dai wani ya ce ruwan ya fara sanyi a ƙafarsa, alamar zurfi ya kusa. Muka dawo ba mu da tabbas. Ban faɗa mata komai ba, don kada in sa mata rai sau biyu.

Gari na wayewa na ce ta zo mu sha iska a ruwa. Ta ce, "Iskar da ta farfasa maka hannu jiya?" Ashe ta ji tafina lokacin da nake ɗiga mata magani. Ba ta ƙara tambaya ba, ta ɗauki mayafi.

Hanyar da aka sara ƙunci gare ta, ciyawa na gogar jirgi ta kowane gefe, tana rufowa ta sama. Dole muka sunkuya. Raɓa da ɗan farin gashin kan kacala suka cika mana jiki. Da kujerar nan tana da ƙafafunta, ko taku ɗaya ba za ta shiga ba. Da muka kai inda aikin jiya ya tsaya, ƙanin ya sauka cikin ruwa, ya sa kafaɗa a bayan jirgi, ya ce in ja ciyawa da hannu. Yana turawa ina ja, katako na kuka. Sai kawai na ji jirgin ya saki, ya zame gaba shi kaɗai, haske ya buɗe.

Wurin bai fi filin masallacin unguwa ba. Amma a cike yake. Ganye shimfiɗe kamar faifai, fure a kansa fari tas, wasu sun buɗe sosai wasu suna kan hanya, ruwa baƙi wuluk a tsakaninsu. Ni ba furen nake kallo ba, ƙeyarta nake kallo, don ban san ko mun makara ba.

Ta juya kai a hankali. Ta ce, "Ina ganin fari-fari." Ta ƙara dubawa. "Ko hazon idona ne?"

Ƙanin ya matsa da jirgi cikin ganyen. Da yake a ƙasa take zaune, hannu kawai ta miƙa ta kan bakin jirgi, yatsunta suka ci karo da ɗaya. Ta bi silinsa cikin ruwa, ta tsinko, ta kawo shi dab da fuskarta, ta karkata shi wajen rana. Ta daɗe. Sannan ta ce, "Ga ruwan ɗorawar nan a tsakiya. Malam, ga shi. Ina ganinsa." Ta ɗaga kai ta sake duban tafkin, yanzu da ta san abin da take kallo, ta ce, "Ashe duk su ne."

Ƙanin nata ya juya mana baya, wai yana gyara gwangwala. Ni kuma na kama kwarfe ruwan da babu shi.

Muka zauna nan har rana ta ɗaga. Ta riƙa karya silin furen, ɓalli nan ɓalli can, ba ta tsinke fatar ba, har ya zama sarƙa da fure a ƙasa, irin wadda suke yi suna 'yan mata. Yatsun ba su manta ba. Ta ce in matso. Na rarrafo ta gefen kujera, jirgi na rawa, ta rataya min a wuya. Ƙanin ya ce to yau dai sarautar ta tabbata. Ita kuwa ba ta saki wuyan rigata ba. Ta ce, "Tsaya haka, hasken nan yana da kyau." Ta dube ni kamar yadda ta dubi furen, kusa-kusa, a hankali. Can ta ce, "Ashe haka ka tsufa?" Na ce ai tare muka yi. Ta ce, "A'a, ni ban ga nawa ba."

Kafin mu fita ta sa ƙanin ya nutsa ya tono mata tushen bado guda da taɓonsa, aka ƙulle a leda.

Washegari muka kamo hanyar gida. An cika mana jirgi da tsaraba, busasshen kifi da shinkafa da 'ya'yan bado, har na ji tsoron nauyin. Da za ta shiga, ta ce a juya mata kujera ta fuskanci baya. Wancan karon an fitar da ita a lulluɓe, wannan karon tana so ta ga garin yana nisa. Haka aka yi. Muka zauna fuska da fuska, ni da jarkata, ita tana kallo ta kan kafaɗata, mata a bakin ruwa suna ɗaga hannu har tudun ya shige cikin hazonta. Da muka fito sarari iska ta taso daga bayanmu, ƙanin ya kafa gwangwala a ramin benci, ya ɗaura wasu buhuna da ya ɗinke wuri ɗaya, dabarar da ya koyo wajen kamun kifi a tafkin Chadi. Buhu ya cika da iska, jirgi ya miƙa ba mai tura shi. Ya zauna ya hura kaskonsa ya dafa mana shayi a tsakiyar ruwa. Ban taɓa shan wanda ya kai shi daɗi ba.

A mashigi na nemi ƙafafun kujerata da na bari wajen mai shayi. Ashe ƙanin ya riga ni. Ya nuna min su a kafe cikin taɓo, an fiƙe musu baki, jirage huɗu a ɗaure jikinsu. Ya ce duk faɗin fadamar nan babu mai turke mai ado irin nasu, a gaida mai sana'a.

Mun iso Haɗejiya ana kiran la'asar, lafiya lau, sai gajiya da tafin hannu da ke raɗaɗi. Direban dawowa bai karɓi kuɗin kujera ba, ya ce wannan ai ba ta kai fasinja ba.

Abin da na koyo ba shi da yawa, amma ya ishe ni sauran kwanana. Na so in girmama matata sai na ɗaga ta sama, alhali abin da take son gani yana ƙasa, daidai inda hannu zai kai. Da na tambaye ta tun farko, da ta faɗa min. Kuma ku da kuke da sauran lokaci, in na kusa da ku ya ce yana son ganin wani abu, kada ku ce masa bari ruwa ya janye. Wani abin sai da ruwan ake ganinsa.

Na ce zan yi wa kujerar sababbin ƙafafu, ta ce in na taɓa ta ba za mu shirya ba. Tana nan a tsakar gida yadda take, ni ma na koma shimfiɗa tabarma a gefenta, kanmu ya zo daidai. Tushen badon ta sa an dasa shi a wani tsohon baho, an cika da ruwa, an ajiye a damanta. Kullum da safe sai ta miƙa hannu ta kan bakin bahon ta laluba. Jiya ta kira ni daga shago, ganye ɗaya ya taso, bai fi tafin jariri ba. Na ce Allah ya sa ya yi fure da wuri. Ta gane abin da nake nufi. Ta ce, "Ka bar shi ya zo a lokacinsa, Malam. Ai na riga na gani."